Maɓoyar madubi da bakan gargajiya: yadda ake dakon barewa daga ƙasa

A dazuzzukan gabashi da tsakiyar Amurka, yawancin masu farautar barewa mai farar wutsiya da kwari da baka kan bishiya suke hawa. Suna ɗaura ɗan dandamali a tsayin ƙafa 15 zuwa 20, su zauna su jira. Masu zama a ƙasa kuwa, galibi tantin farauta suke shiga. Akwai hanya ta uku da ba kowa ya damu da ita ba, ita ce maɓoyar madubi: alluna huɗu ko shida na roba mara nauyi, an haɗa su da maƙalai suna naɗewa, fuskarsu ta waje madubi ce. Maharbi ya kafa su a gabansa kamar rabin da'ira, ya zauna a baya. Wadda aka fi sani ita ce GhostBlind, da ta fito daga Marietta a jihar Ohio. Samfurinta mai alluna huɗu tsayinsa inci 46 ne, wato santimita 117, faɗinsa in an baje shi inci 102, nauyinsa kuma bai kai kilo 6 ba.

Madubin ba ya ɓoye mutum da kansa. Abin da yake yi shi ne ya ɗauko hoton ƙasar da ke gabansa ya ɗora a inda jikin maharbi yake. Saboda haka duk wanda ya sayi wannan kaya, aikinsa ya koma zaɓen ƙasa da daidaita kusurwa. Wanda ya gane wannan zai ji daɗinta, wanda bai gane ba zai ce an cuce shi.

Me ya haɗa ta da bakan gargajiya

Tun da Holless Wilbur Allen ya samu rajistar ƙirƙirar baka mai tayoyi a 1969, maharban Amurka suka rabu gida biyu. Baka mai tayoyi gajere ne, kuma in an ja shi ya kai ƙarshe yana sauke wa mutum kashi 65 zuwa 85 cikin ɗari na nauyin jan. Mai shi zai iya ja tun barewa tana nesa, ya riƙe minti guda yana jiranta. Bakan gargajiya, ko dogon baka ne ko mai lanƙwasassun kawuna irin wanda kamfanin Fred Bear ya yaɗa, ba ya ragi. In laba 50 aka rubuta a jikinsa, laba 50 ɗin ce a kan yatsunka uku har ka saki. Daƙiƙa biyu ko uku, hannu ya fara rawa. Ke nan dole ka ja tsirkiya a lokacin da dabbar take kusa, yadi 12 zuwa 18, inda ƙaramin motsi ma tana ganinsa.

Ga kuma tsawo. Mai lanƙwasassun kawuna yakan kai inci 58 zuwa 62, dogon baka kuwa inci 62 zuwa 68. Tantin farauta na yau da kullum faɗinsa wajen inci 60 ne, rufinsa bai fi ƙafa biyar da rabi zuwa shida ba a tsakiya. Kan baka na sama ya doki rufi, na ƙasa ya doki sandar tanti, kibiya ta tafi inda ta ga dama. Bayan haka barewa ba ta yarda da sabon tanti. In ta ga baƙin dunƙule a inda jiya babu, sai ta canza hanya, sai an lulluɓe shi da rassa an bar shi sati ɗaya ko biyu kafin ta saba. A filayen gwamnati da yawa kuma doka ba ta yarda a bar kaya su kwana ba. Maɓoyar madubi ba ta da rufi, kuma ana kafa ta a yi farauta a ranar. Waɗannan biyu su ne dukan dalilin ɗaukarta.

Maharban ƙasar Hausa da ke ɗaura kan burtu su sunkuya suna matsawa kusa da dabba sun san tushen abin: ba sai ka ɓace ba, ka dai nuna wa dabba abin da ta saba gani. Bambancin shi ne mai burtu yana tafiya, mai madubi a zaune yake.

Karkatar alluna

Allunan ba a tsaye cak suke ba. Samansu ya rinjaya waje, ya yi nesa da maharbi, fuskar madubin tana kallon ƙasa kaɗan. Ƙa'idar madubi ita ce haske yana fita da kusurwar da ya shiga da ita, don haka in allo ya karkata da digiri 10, idon da ke kallonsa a miƙe, ba daga sama ko ƙasa ba, yana ganin abin da ke ƙasa da digiri 20. A tsayin mita ɗaya na allon, wannan yana nuna ƙasar da ke wajen mita 2.7 a gabansa. In karkatar ta kai digiri 15, tazarar ta dawo mita 1.7. Ma'ana, mita uku na farko a gaban maɓoya su ne rigar da ka sa.

Wannan lissafi yana bayyana abubuwa uku da ke lalata farauta.

Na ɗaya, gangara. In ka kafa maɓoya a kan tudu, barewa tana tahowa daga ƙasa tana kallon sama, kusurwar kallonta tana cinye karkatar allon. Da zarar hawan ya kai ninki biyu na karkatar, abin da za ta gani a madubin sararin sama ne da kawunan bishiyoyi, wato farin fili mai kusurwa huɗu a tsakiyar daji. Tun kafin a kai nan ma za ta fara ganin ƙafafunta suna motsi daga nesa. In dole ne a zauna a irin wannan wuri, a tona ƙasa kaɗan a ƙarƙashin gefen gaba, ko a ja igiyoyin da ke riƙe alluna ta gaba a ƙara karkata. In kuwa hanyar barewar tana sama da kai, madubin zai yi aikinsa sarai, amma ita tana leƙo cikin maɓoyar ta sama, tana ganin gwiwoyinka da hannuwanka. Fili mai shimfiɗa ya fi duka biyun.

Na biyu, yadda aka lanƙwasa da'irar. Allunan sun fi faɗi a sama, ƙasansu ya tsuke, kuma wannan yanka shi ke sa su karkata. In ka matse su sosai suka kewaye ka, sai su miƙe, karkatar ta ragu zuwa digiri 6 ko 7, madubin ya fara ɗauko abin da ke nesa. In ka buɗe su da yawa, karkatar ta ƙaru, amma sai su nemi kifewa gaba, gefunanka kuma su buɗe. Mutane da yawa suna matse maɓoya don su ji sun ɓuya, ba su san sun rage mata aiki ba.

Na uku, barewar da ta zo dab da kai. A fili mai shimfiɗa ba ta ganin kanta sai ta shigo cikin mita uku ko huɗu, ko ta sunkuyar da kai tana kiwo a nan kusa. In ta ga motsin, wata takan tsaya tana buga ƙafa, wata ta yi tsalle. Maganin shi ne kada a kafa maɓoya a bakin hanya. Harbinka ya kamata ya riga ya tashi tun tana yadi 15.

Akwai gwaji ɗaya da ba a tsallakewa. Bayan ka kafa, je ka inda kake sa ran dabbar za ta tsaya, ka durƙusa har idonka ya dawo tsayin santimita 90 ko mita ɗaya, ka duba. Daga tsaye komai yakan yi kyau, domin mutum yana kallon madubin ne daga sama. Ka bi ta gefe ka tafi, ka dawo ta gefe, kada ka taka hanyar kanta.

Gaba da baya su dace

Tun da ƙasar gaba ce ke hawa madubi, dole ta yi kama da abin da ke bayanka. Gajeriyar ciyawa shar a gaba, duhun kurmi a baya, sai a samu koren allo a jikin baƙin bango. Inda abin ya fi yin kyau shi ne doguwar busasshiyar ciyawa, gonar masara da ba a girbe ba, karan masara bayan girbi, ƙasan kurmi mai busassun ganye da ƙananan tsirrai, da kuma dusar ƙanƙara, wadda a cikinta maɓoyar takan ɓace kusan gaba ɗaya. A bakin gona, ja da baya taku uku ko huɗu cikin ciyawar gefe, don ciyawar ta shiga madubi a maimakon tsirarar ƙasa.

Kada ka tattake gaban. Ka shigo ta baya, ka kafa daga baya, jaka da kwari da gorar ruwa duk su zauna a bayan alluna. Duk abin da aka bari a gaba sau biyu yake fitowa. Ganyen da ke ƙarƙashin ƙafarka kuwa, share su har ƙasa, faɗin mita ɗaya, ka tura su baya, domin busasshen ganye na tona asiri in ka juya.

Baya ma yana da nasa aiki. Kanka da rabin bakanka suna sama da allon, kuma madubi ba ruwansa da su. Ka jingina da kututturen da ya fi kafaɗunka faɗi, ko ƙaramin itace mai duhun ganye, ko tarin rassa. Mutumin da kansa ya fito a jikin sararin sama, ko da madubi goma ne a gabansa an gan shi. Sa ƙyallen rufe fuska da safar hannu marasa sheƙi. Binciken da aka yi a Jami'ar Jojiya ya nuna idon wannan barewa launi biyu yake rarrabewa, shuɗi ya fi fito mata, ja da ruwan lemo kuwa ba ta bambance su sosai da kore. Don haka a bar shuɗin wando a gida. Ganinta bai kai na mutum kaifi ba, amma yana kewaye wajen digiri 300, kuma motsi ba ya wuce ta.

Rana tana da fuska biyu. In tana gabanka, hasken da ya bugi madubi ƙasa yake sauka saboda karkatar, ba ya shiga idon dabba, sai dai yana haska fuskarka da kan bakanka. In tana bayanka tana ƙasa-ƙasa, maɓoyar tana jefa inuwarta a gaba, madubin ya ɗauko wannan inuwa, sai ya yi duhu fiye da kewayensa. Inuwar bishiya ta fi duka, ranar da gari ya yi lumshi kuma ita ce ranar madubi.

Kujera, baka da gurbin harbi

Nan ne masu bakan gargajiya suka fi shan wahala, kuma duk matsalar ta awo ce.

Fara da kujera. Mutum matsakaici in ya zauna, daga mazauninsa zuwa kafaɗa wajen santimita 58 ne, zuwa tsakar ka wajen 88. A kan kujera mai tsayin santimita 40, kafaɗa tana kusa da mita ɗaya, kai kuma ya kai 128, ya haura allon da kusan tafin hannu. A kan mai tsayin 25, kai ya ɓuya, amma kafaɗa ta dawo 83. To dogon baka mai inci 66, in an ɗaura masa tsirkiya, daga mariƙi zuwa kan ƙasa wajen santimita 80 ne. Saura uku kacal tsakaninsa da ƙasa, kuma da ka sunkuyar da saiti kaɗan ya taɓa. Shi ya sa kujera mai tsayin 30 zuwa 35 ta fi dacewa da yawancin mutane, mai ƙafa uku, mara madogarar hannu, wadda ba ta ƙara in an juya. Wasu sun fi son durƙuso a kan ɗan matashi, su tashi kan gwiwa lokacin harbi. Yana ba baka fili, amma tashin motsi ne babba, kuma bayan awa biyu cikin sanyi ƙafa takan mutu.

Sai a kwantar da baka. Kwantar da shi digiri 30 yana rage saukar kan ƙasa daga santimita 80 zuwa 69, digiri 45 kuma zuwa 57. Mai harbi da dama yana kwantar da kan sama zuwa dama, kuma dole kai da kafaɗu su bi kwanciyar, in ba haka ba kibiya ta kauce gefe. Wannan ba abin da za a fara koya ranar farauta ba ne. Baka mai inci 58 ko 60 ya fi sauƙi a bayan madubi, amma dogon ma yana yi in an saba.

Tazara tsakaninka da allo ita ce ta gaba. Ka tuna ƙasan allon ya fi samansa kusa da kai. Ka kuma tuna kawunan baka suna zabura gaba in an saki tsirkiya. Don haka kan ƙasa shi ke dukan allo, ba na sama ba, kuma allon roba mai rami a ciki in an doke shi yana ƙara kamar ganga. Kibiya mai inci 30 da aka ɗana ba a ja ba tana fitowa wajen rabin mita a gaban mariƙi, ita ma tana karo da allo in an ɗaga baka. Yadda ake aunawa: zauna, miƙa hannun baka sosai ta inda za ka harba, ka tabbata akwai aƙalla santimita 20 tsakanin kan baka na ƙasa da allo. Yawanci wannan yana sa kujera ta zauna mita ɗaya ko fiye kaɗan daga alluna.

Amma ja da baya yana da kuɗinsa. Guraben da aka yanke a saman alluna don harbi suna tsukewa a ido in ka yi nisa. Gurbi mai faɗin santimita 15, in idonka yana mita ɗaya daga gare shi, fili mai faɗin mita biyu da kwata kawai yake buɗe maka a nisan mita 15. Barewa mai tafiya tana wuce wannan cikin taku uku. Saboda haka masu bakan gargajiya da yawa ba sa harbi ta gurbi, ta saman allo suke harbawa ko ta gefensa, su bar guraben don leƙe.

Kuskuren da ya fi yawa daga ido yake. Wanda ke kafa yatsa a gefen bakinsa in ya ja tsirkiya, idonsa yana sama da kibiya da santimita 8 zuwa 10. Ido yana ganin fili, kibiya tana kallon bakin allo. Ƙari a kan haka, kibiyar da aka saki da yatsu tana lanƙwashewa hagu da dama a mitocin farko, gashinta kuma yana da tudu. A bar mata tafin hannu guda a kowane gefe da ƙasa. Kafin lokacin farauta, kafa maɓoyar a gida da kujerar da za ka yi amfani da ita da rigar sanyin da za ka sa, ka harba ta kowace kusurwa da irin kan kibiyar farauta, ba na atisaye ba. Liƙa ƙyalle mai laushi a bakin alluna ta ciki, da wurin da kibiya ke kwanciya a jikin baka.

Kan baka na sama yana haura allo da fiye da rabin mita in an ɗaga. In fentinsa yana sheƙi, a sa masa rigar ƙyalle ko a goga masa kakin da ke kashe ƙyalli. Riƙe bakan a tsaye a kan gwiwa ko a maƙale shi a turken da ke gabanka, kibiya a ɗane, don kada ka ɗauko shi daga kwance dabba tana kallo. Lokacin ja shi ne sa'ad da kanta ya shiga bayan bishiya, ko ta juya tana duban baya, ko ta ɗan wuce ka.

Iska

Iska tana cutar da mai madubi ta hanya biyu. Faɗin allunan ya kai murabba'in mita uku. Iskar da ke gudun kilomita 30 a awa tana tura irin wannan fili da ƙarfin da ya haura kilo 10, alhali maɓoyar ba ta kai kilo 6 ba. Tun kafin ta faɗi ma, in allo ya girgiza kaɗan duk hoton da ke cikinsa yana rawa, kuma rawar ta ninka ta allon, saboda wannan ƙa'ida ta ninkin kusurwa. A kafa turaku a gindin allunan gefe biyu, a ɗaure igiya daga saman kowane zuwa turke ko saiwa, a ja ta yi tsauri. In ƙasa ta daskare turke ba ya shiga, sai a nemi dutse ko gungume a danne. Ranar da iska ta yi ƙarfi sosai, gara a bar ta a mota a jingina da bishiya.

Ta biyu ita ce wari, kuma nan madubi ba shi da abin cewa. Tanti yana ɗan tare warin mutum, wannan kuwa a buɗe take. Dole iska ta riƙa busowa daga hanyar barewa zuwa gare ka, ko ta gicciye ta tafi inda ba ka sa ran kowa. A wuri mai tudu da kwari, iska tana hawa da safe in rana ta ɗumama ƙasa, tana gangarowa da yamma in gari ya yi sanyi, ko da hasashen yanayi ya ce wani abu dabam. Maharban can suna yawo da audugar wani tsiro ɗan uwan tumfafiya, su saki ƙwaya ɗaya su bi ta da ido. Ta fi garin hodar da ake watsawa don gane inda iska ta nufa, domin tana nuna inda iska ta karkata bayan mita 20, ba a bakin hanci kaɗai ba.

Inda za a zauna

Nemi inda barewa ke bi dole: mashigin gona, tsukakken daji tsakanin filaye biyu, maƙetarar rafi, ko gindin farin itacen oak, wata babbar bishiya da barewa ke cin 'ya'yanta, da ke zubar da su a watan Oktoba. A Nuwamba, lokacin barbara a jihohin tsakiya, maza suna yawo da rana tsaka suna bin gefen kurmin da mata ke kwana, ta ɓangaren da iska ke fita. Zauna yadi 12 zuwa 18 daga hanya, a gefe, ba inda dabbar za ta taho tana fuskantarka ba. Mai harbi da dama yana juyawa hagu cikin sauƙi, dama kuwa da ƙyar, don haka ya sa kafaɗarsa ta hagu ta kalli inda yake sa ran harbi. Yanke ƙananan rassan da ke kan hanyar kibiya in dokar filin ta yarda, biyu ko uku, ba share fili ba.

Zama a ƙasa yana kawo kaska, kuma mai baƙaƙen ƙafafu tana ɗauke da cutar Laim a arewa maso gabashin Amurka da yankin manyan tabkunanta. Ana fesa wa tufafi maganin fametirin mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari, a bar su su bushe kafin a sa, ba a shafa shi a fata.

Harbi da abin da ke biyo baya

Kibiyar bakan gargajiya mai nauyin giram 32 zuwa 36 tana gudun mita 50 zuwa 55 a daƙiƙa. Sauti yana gudun mita 343. A yadi 20, ƙarar tsirkiya tana isa kunnen barewa cikin kashi ɗaya bisa ashirin na daƙiƙa, kibiya kuwa sai bayan sulusin daƙiƙa. A wannan tsakani dabbar da ta riga ta tsargu tana durƙusawa don ta zabura, kibiya ta wuce ta saman baya. Shi ya sa ake ɗaura wa tsirkiya guntun ulu don rage ƙara, ake kuma guje wa harbin wadda ta kafe ka da ido.

Daga ƙasa kibiya tana shiga a miƙe, tana ratsa huhu biyu cikin sauƙi fiye da harbin kan bishiya. Jira ta ba ka gefe sosai, ko ta ɗan juya maka baya. Saiti bayan karfata, sulusin jiki daga ƙasa, a wurin da faɗinsa bai wuce santimita 20 ba. In ta fuskanto ka, bar ta. Illar harbin ƙasa ita ce ramin fita yana daidai da na shiga, to in ya yi sama jini yana taruwa a ƙirji kafin ya fara zuba, sai a yi mita 30 ko 40 ba a ga ɗigo ba. Ka lura da bishiyar ƙarshe da ta wuce, ka saurara. Jini mai haske da kumfa na huhu ne, a jira rabin awa. Ja mai duhu na hanta ne, a ba ta awa huɗu ko fiye. In kibiya ta fito da ɗoyi da koren abu, tumbi ta taɓa, a fita a hankali a dawo bayan awa takwas zuwa goma sha biyu, domin in an tashe ta da wuri takan yi nisan da ba za a same ta ba. Kibiyar da ta kuskure a harbin ƙasa tana iya tsalle ta ci gaba da tafiya, don haka a san abin da ke bayan dabbar kafin a ja.

Kula da ita, da haɗa ta gida

Madubin ba gilashi ba ne, siririyar leda ce mai sheƙi a kan roba, kuma tana karcewa. Wanke ta da ruwa da ƙyalle mai laushi, ban da takarda, ban da maganin goge gilashi. A zuba ruwa ya kwashe yashi tukuna kafin a goga. Naɗe ta fuskokin madubi suna kallon juna, a bar ta ta bushe kafin a sa a jaka, kada kuma a bar ta cikin mota a rana, zafi yana lanƙwasa allo. Ƙananan karce ba sa hana aiki. Raɓa da hazon asuba su ne ke mai da ita farin allo, sai a riƙe busasshen ƙyalle a aljihu. Bayan ruwan sama, duba gindin alluna, taɓo yakan fantsama.

Mai son haɗa tasa zai iya da allon roba mai rami na masu rubuta talla, kaurin milimita 4, da ledar madubi mai gam. Yanka huɗu, tsayi santimita 115, faɗin ƙasa 55, na sama 66. Wannan yanka yana ba da karkata kusan digiri 10 in kowane allo ya juya da digiri 30 daga maƙwabcinsa. Haɗa su da tef mai zare ciki da waje, a bar ɗan tsakani don su naɗu, a shafa wa bayan fenti mai duhu mara sheƙi. Wurin da aikin ke ɓaci shi ne liƙa leda: kumfar iska ko tamoji ɗaya yana karkatar da hoto ya jefa haske sama. A liƙa daga gefe ɗaya a hankali ana bi da abin gogewa mai laushi.

Doka kuma ta jiha ce, kowace da tata. A Ohio baka ba zai gaza laba 40 ba, kan kibiya ya kasance da aƙalla baki biyu masu kaifi da faɗin inci uku bisa huɗu, dafi haramun ne, ana kuma farauta daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta. Lokacin baka a can yana farawa ƙarshen Satumba ya kai farkon Fabrairu, yana ratsa kwanakin masu bindiga, kuma a waɗannan kwanaki maɓoyar da ido ba ya gani haɗari ce ga mai ita. Wiskonsin, jihar da ta fara ware wa masu baka lokacinsu a 1934, ta wajabta wa maɓoyar ƙasa a filayen jiha ƙyalle mai ruwan lemo mai haske na murabba'in inci 144, wanda ake hangowa ta kowace fuska, a lokacin farautar bindiga. Ko a inda ba a wajabta ba, ɗaura irinsa a reshe sama da kanka, a bayan alluna, inda madubin ba zai ɗauko shi ba.